Ruwan Tarayya da Kuɗin Waje: Tarihin Ruwan Ibadan Daga Unguwar Sabo, 1916-2024

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a kan unguwar Sabo ta Ibadan sun karkata ne ga fatauci da addini da siyasa. Littafin Abner Cohen na 1969, wanda har yanzu shi ne zangon farko ga duk mai son sanin unguwar, ya yi bayani filla-filla a kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kurmi, da kuma yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta haɗa kan jama'ar a farkon shekarun 1950. Batun ruwa kuwa bai samu irin wannan kulawa ba, alhali babu wata unguwa da za ta zauna shekara ɗari a wuri ɗaya ba tare da ta san inda za ta sha, da inda ruwan samanta zai wuce ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin ruwan da Sabo ke tarayya a cikinsa da wasu, da kuma kuɗin ƙasashen waje da aka zuba domin sarrafa shi. Abin da ake nufi da ruwan tarayya a nan shi ne duk wani kogi ko tafki da jama'a daban-daban suka dogara da shi, ko unguwanni ne, ko jihohi, ko ƙasashe, ta yadda abin da na sama ya aikata zai faɗa a kan na ƙasa. Za a ga cewa a tarihin Ibadan kuɗin waje sun fi saurin isowa bayan ɓarna ta riga ta auku, kuma sun fi sauƙin zama kankare da bututu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zauren da masu ruwan za su zauna su daidaita tsakaninsu. Domin a fahimci wannan sosai, za a kwatanta da kogin Kwara da Gulbin Maraɗi, inda aka yi yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe.

2.0 Kafuwar Sabo da Dam ɗin Eleyele

Hausawa sun daɗe suna zaune a Ibadan, ko Badun kamar yadda suke kiran garin, tun cikin ƙarni na goma sha tara, a gidajen masu masaukinsu Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, layin kuma ya kai Kano a 1911, sai yawan fatake ya ƙaru ainun. A 1916 aka keɓe wa Hausawa fili a gefen Mokola, kusa da filin sukuwa na da, wanda a yau ya zama filin wasa na Lekan Salami a Adamasingba, aka ɗora su ƙarƙashin sarkinsu, shi kuma yana ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Ibadan. Wannan tsari ya bai wa Sabo iko a kan masaukai da dillanci da shari'ar cikin gida. Bai ba ta iko a kan ko da ƙorama ɗaya ba. Wannan shi ne tushen matsayinta a duk tarihin da zai biyo baya: mai amfani da ruwa ce, wadda ake yanke shawara a kansa a wani wuri.

Ibadan gari ne na tuddai da kwari, kuma koguna ƙanana sun ratsa shi daga arewa zuwa kudu. Mafi shahara shi ne Ogunpa, wanda ya bi ta Bodija da Agodi da gefen Mokola, ya keta tsakiyar kasuwanni, ya haɗu da Kudeti, sannan ya faɗa cikin kogin Ona a kudancin gari. Shi Ona ta yamma ya biyo. Saboda haka duk ruwan da ya sauka a rufin gidajen Sabo, ta kowace kwata ya bi, ƙarshensa Ona ne, daga nan ya ratsa ƙasar Ijebu zuwa tafkin bakin teku da ke gabashin Ikko. Kafin zuwan famfo, rijiyoyi da waɗannan ƙoramu su ne abin sha da wanka da wanki na kowa, ɗan gari da baƙo.

A kan Ona ne gwamnatin mulkin mallaka ta gina dam ɗin Eleyele, wanda aka kammala a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Aka kewaye tafkin da gandun daji domin a kare shi daga zaizayar ƙasa da ƙazanta, dabarar da ta fi ginin kansa muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba. Bayan yaƙin, a ƙarƙashin dokar raya ƙasashen mallaka ta 1945 da shirin shekara goma na Nijeriya da ya fara a 1946, Ingila ta ware kuɗi domin ruwan sha a birane da ƙauyuka. Wannan shi ne mafarin al'adar jiran kuɗin ruwa daga ƙetare. Sai dai garin ya fi ƙarfin abin da aka tanada. Ƙidayar 1952 ta ba Ibadan mutum kusan 459,000, ta 1963 kuma ta ba ta kusan 627,000. Eleyele bai ƙaru ba.

3.0 Asejire: Tafki Ɗaya, Jihohi Biyu

A ƙarshen 1970 cutar kwalara ta shigo Nijeriya, kuma a farkon 1971 ta yi mummunar ɓarna a Ibadan, musamman a unguwanni masu cunkoso inda rijiya da masai ke maƙwabtaka. Shekara guda bayan haka, a 1972, aka buɗe dam ɗin Asejire a kan kogin Osun, kimanin kilomita 30 gabas da gari, a kan hanyar Ife. Tun daga lokacin Asejire ya zama babbar mashayar Ibadan, Eleyele ya koma mataimaki.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka gina Asejire, kogin Osun tun daga mafarinsa a ƙasar Ekiti, ya bi ta Osogbo da Ede, har ya iso dam ɗin, duk yana cikin jiha ɗaya, wato Jihar Yamma, mai hedikwata a Ibadan. Gwamnati ɗaya ce ke da sama da ƙasa. A 1976 aka raba jihar gida uku, Oyo da Ogun da Ondo. A 1991 aka cire Osun daga Oyo, sai ga shi tafkin ya zama kan iyaka, gaɓar yamma ta Oyo, gaɓar gabas ta Osun. A 1996 aka cire Ekiti daga Ondo. Kogin bai motsa daga inda yake ba, amma cikin shekara ashirin ya tashi daga ruwan gida ya zama ruwan tarayya. Mai sha a Sabo ya wayi gari ingancin abin da ke fitowa daga famfonsa ya rataya a kan abin da ake yi a jihohin da gwamnansa ba shi da ta cewa a cikinsu.

Gwamnatin Tarayya ta yi tanadin da ya kamata ya toshe wannan kafa. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, an kafa hukumomin raya kogunan Chadi da Sakkwato-Rima a 1973, sannan dokar soja ta 1976 ta mayar da su goma sha ɗaya, ciki har da ta Ogun-Osun mai hedikwata a Abekuta. Hikimar ita ce a riƙa kallon kogi a matsayin abu guda daga mafari zuwa mashiga. A aikace kuwa hukumomin sun fi mayar da hankali ga gina nasu dam-dam da noman rani. Ta Ogun-Osun ta gina Oyan, ta kuma ɗauki aikin Ikere Gorge kusa da Iseyin, wanda aka shekara da shekaru ba a girka injinan lantarkinsa ba. Ruwan shan Ibadan ya ci gaba da zama a hannun hukumar ruwa ta Jihar Oyo, magudanun gari a hannun ma'aikatu da ƙananan hukumomi, gandun daji a hannun wata ma'aikatar daban.

Kuɗin waje sun shigo ta ƙofar hukumar ruwa. A shekarun 1990 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya ba da rancen faɗaɗa matatar Asejire da shimfiɗa manyan bututu zuwa gari, sannan a 2009 ya sake amincewa da wani rancen domin ruwan sha da tsafta a jihohin Oyo da Taraba. Babu shakka waɗannan ayyuka sun ƙara ƙarfin matata. Amma tace ruwa daban, isar da shi gida daban. Tsofaffin bututun cikin gari sun ruɓe, masu aikin hanya suna fasa wasu, kuɗin ruwa ba ya shiga yadda ya kamata, injinan turo ruwa kuma suna tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi goma sha ɗaya na Ibadan sun kai mutum miliyan 2.5. Mafi yawan waɗannan mutane da rijiya da burtsatse da ruwan leda suke rayuwa.

A cikin wannan giɓi ne wata sana'ar Hausawa ta samu gindin zama. Mai turin kura da jarkoki, wanda sau da yawa ɗan ci-rani ne daga Arewa ko daga Jamhuriyar Nijar, shi ya zama bututun ƙarshe tsakanin mai burtsatse da uwargida a biranen Kudu. Har kalmar "mai ruwa" ta shiga bakin Yarabawa da na masu Turancin Buroka a matsayin sunan sana'ar, ko da mai yin ta ba Bahaushe ba ne. Ba a rubuta shi cikin takardun rance, ba a kuma kiransa taro, amma idan ya yi yajin aiki na kwana biyu za a san da shi fiye da yadda aka san da wasu matatun.

4.0 Ogunpa da Ona: Kuɗin da ke Biyo Bayan Ambaliya

Idan ƙarancin ruwa ciwo ne mai ci a hankali, yawansa shi ne ya fi jawo hankalin duniya ga Ibadan. Ogunpa ya yi ambaliya a 1960 da 1963 da 1978. Amma wadda ta zauna a zukatan mutane ita ce ta ranar 31 ga Agusta, 1980, zamanin Gwamna Bola Ige da Shugaba Shehu Shagari. An tafka ruwa na sa'o'i masu yawa, kogin ya cika ya batse, ya lalata lambun shaƙatawa na Agodi, ya bi ta tsakiyar gari yana kwasar gidaje da rumfuna da motoci. Fiye da mutum 100 suka rasu, dubbai suka rasa muhalli. Yarabawa suna kiran irin wannan masifa "omiyale", wato ruwa ya shigo gida, kuma tun daga wannan shekara kalmar ta manne wa sunan Ogunpa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An sare dazuzzukan da ke kan tuddai, irin su Agala, saboda haka ruwan sama ya daina nutsewa, ya koma gangarowa gaba ɗaya. An yi gine-gine har bakin gaɓa. Gadoji da kwalbatoci sun yi ƙanƙanta, shara kuma ta toshe su, sai kowace gada ta zama ƙaramin dam mai jiran fashewa. Zuba shara a rafi idan hadari ya haɗu ba halin wata ƙabila ba ne. Wanda ya san Jakara a Kano ya san haka. Hali ne na garin da ba a zuwa kwashe masa shara. A nan ne ma'anar ruwan tarayya ta fi fitowa fili, domin ledar da aka jefa a kwata a Bodija ko Mokola ko Sabo ita ce za ta toshe gada a Oke Ado ko Molete, kuma wanda ya jefa ba zai taɓa sanin wanda ya nutse ba.

Maganin da aka zaɓa shi ne a yashe Ogunpa, a miƙe shi, a yi masa bango da daɓen kankare. An fara aikin, aka watsar, aka sake ɗauka, har ya haura shekara ashirin. Sai bayan komawa mulkin farar hula a 1999 Gwamnatin Tarayya ta tsaya a kansa sosai, da kuɗin asusun kula da muhalli wanda aka kafa tun 1981. A tsakanin nan an gwada wata hanya ta daban wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A tsakiyar shekarun 1990 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da matsugunai da muhalli suka sanya Ibadan cikin shirinsu na birane masu ɗorewa, kamar yadda suka sanya Kano daga baya. A 1995 aka yi babban taron jin ra'ayin jama'ar gari, aka fitar da shara da ruwan sha cikin abubuwan da suka fi damun mutane, aka kafa kwamitoci da suka haɗa jami'ai da malaman jami'a da shugabannin kasuwa da na unguwanni. An gyara wasu idanun ruwa a tsohon gari da gudummawar mazauna wurin. Kuɗin shirin kaɗan ne idan aka kwatanta da na kankare, kuma da tallafin waje ya janye sai ƙarfinsa ya ragu. Duk da haka, a ganin wannan maƙala, shi ne yunƙurin da ya fi kusa da gane cewa matsalar ruwan Ibadan matsalar zaman tare ce. Kasuwar Bodija kuwa, inda Hausawa masu hatsi da shanu suke da babban kaso, wuri ne da ya dace a fara irin wannan zama.

Daren 26 ga Agusta, 2011, aka auna ruwan sama milimita 187.5 a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i. Wannan karon Ogunpa mai bangon kankare ya ɗauki nasa kason ba tare da irin ɓarnar 1980 ba. Masifar ta koma kan Ona da sauran ƙoramun da ba a taɓa ba. Gadar Apete ta karye, unguwanni irin su Odo-Ona da Oke Ayo suka nutse, ruwa ya yi wa Jami'ar Ibadan ɓarna, ya kuma lalata mafitar ruwa ta dam ɗin Eleyele da matatarsa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba da adadin mamata fiye da 100. Gandun dajin da aka kewaye tafkin da shi a zamanin Turawa ya riga ya sha sara da gine-gine, kuma da bangon dam ɗin ya ba da kai a wannan dare, da abin da za a faɗa ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Gwamnatin Abiola Ajimobi, wadda ba ta fi wata uku a kan mulki ba, ta nemi taimakon Bankin Duniya. A watan Yuni na 2014 bankin ya amince da rancen dala miliyan 200 daga asusunsa na rance mai sauƙi domin shirin shawo kan ambaliya a Ibadan. Ya kamata a yi wa wannan shiri adalci, domin ya koyi wani abu daga baya. Bayan gyaran dam ɗin Eleyele da sake gina gadoji da kwalbatoci da yashe ƙoramu, an sanya a cikinsa zana taswirar ci gaban gari, da tsarin magudanu na dukan Ibadan, da tsarin kwashe shara, da na'urorin auna ruwa domin gargaɗin jama'a kafin ambaliya. Wato an fara kallon garin a matsayin kwari guda. Amma shekara uku tsakanin ambaliya da amincewa da rance, da wasu shekarun kafin a ga aiki a ƙasa, sun nuna irin tafiyar kuɗin waje. Damina ba ta jiran a gama tantance 'yan kwangila.

Akwai kuma batun biya, wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba. Irin wannan rance Gwamnatin Tarayya ce ke sa hannu, ta miƙa wa jiha, a riƙa cirewa daga kason jihar na wata-wata. Da kuɗin waje ake lissafinsa. A 2014 dala ɗaya tana wajen naira 160. A 2024 ta haura naira 1,500. Bashin da aka ci domin gadar Apete ya ninka kusan sau goma a lissafin naira kafin a yi nisa da biyansa, kuma daga aljihu ɗaya zai fito da kuɗin makaranta da asibiti. Ɗan canji a Sabo, wanda ya fi kowa a Ibadan sanin farashin dala na kowace safiya, yana cikin masu biya, ko da kuwa ba a taɓa tambayarsa wace gada za a fara ba.

5.0 Kwara da Gulbin Maraɗi: Inda Aka Yi Yarjejeniya

An ambata a baya cewa injinan Asejire da wutar lantarki suke aiki. Wannan shi ne zaren da ya ɗaure famfon Sabo da wani kogi mai nisa, domin wani kaso na wutar da ke isowa ƙasar Yarabawa ta Jebba da Osogbo daga kogin Kwara yake fitowa. Haka kuma shanun da suka gina arzikin unguwar, da yawansu a kwarin wannan kogi da rassansa suka yi kiwo kafin a gangaro da su Kudu.

Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, shi ne ruwan tarayya mafi girma a Afirka ta Yamma. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya tabbatar da 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kansa, domin amfanin kamfanonin Turai. Bayan samun 'yanci, ƙasashen da ke kan kogin suka sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya a Yamai a watan Oktoba na 1963, suka kafa hukumar kogin a 1964, shekarar da aka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A watan Nuwamba na 1980, wata uku bayan ambaliyar Ogunpa, aka sake mata fasali a Faranah ta ƙasar Gini, ta zama Hukumar Kwarin Kogin Neja mai ƙasashe tara: Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Nijeriya, Kamaru da Chadi.

A daidai lokacin da ake wannan zama, Nijeriya ta gina Kainji, daga 1964 zuwa 1968. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, wasu ƙasashen Turai da Amurka suka ƙara, kamfanonin Italiya suka yi ginin. An tayar da mutum fiye da 40,000 daga Busa da ƙasar Yawuri. Tun daga nan babban abin da ya dami Nijeriya shi ne kada a tare ruwan a sama. Daga shekarun 1970 ta fara sayar wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'an Nijeriya sun sha bayyana cewa wannan ciniki hanya ce ta hana Nijar gaggawar gina nata dam ɗin. Ita kuwa hukumar ƙasashe taran ta shafe mafi yawan shekarun 1980 da 1990 a kwance, saboda ƙasashe ba sa biyan kuɗin ƙa'ida. Sai da masu ba da rance suka nuna cewa manyan dam-dam na buƙatar amincewar maƙwabta ta farfaɗo: taron Paris na 2004, sannan kundin ƙa'idojin ruwa da shugabanni suka sa wa hannu a Yamai a 2008. A wannan shekarar aka aza harsashin dam ɗin Kandaji a Nijar, aikin da a tsawon shekaru ya samu alkawarin kuɗi daga Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Afirka da Bankin Musulunci da Faransa. An soke kwangilar kamfanin Rasha na farko a 2013, wani kamfanin Sin ya karɓa a 2019, aikin ya sake tsayawa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. A farkon Agustan wannan shekara Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Fahimtar juna ta kusan shekara hamsin ta karye a cikin mako guda, kuma duk wanda zai mulki Nijar nan gaba ya samu hujjar kammala Kandaji.

Misali mafi ƙanƙanta, wanda kuma ya fi kusa da gidajen da mutanen Sabo da yawa suka fito, shi ne kogin da ake kira Gada a ƙasar Katsina. Ya tsallaka iyaka kusa da Jibiya ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima a ƙasar Gobir. Ambaliyarsa ce ta tayar da tsohon garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu a 1945. Ƙasashen biyu sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, kuma a watan Yuli na 1990 suka sa hannu a Maiduguri a kan rabon ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu da suke tarayya: Maggiya-Lamido, Gada-Gulbin Maraɗi, Tagwai-El Fadama, da Komadugu-Yobe. A daidai wannan lokaci ake kammala dam ɗin Jibiya a kan Gada. Manoman fadamar Maraɗi sun daɗe suna kukan raguwar ruwan da ke malalowa gonakinsu tun bayan gina shi. Yarjejeniyar ba ta hana dam ba, amma ta bai wa na ƙasa takarda da teburin da zai kai ƙara. A wannan kogi kowace ƙasa ta sama ce kuma ta ƙasa ce, domin ruwan da ya fita ta Katsina zai dawo ta Sakkwato.

6.0 Kogin Osun Bayan 2020

Irin wannan takarda da tebur su ne Ibadan ba ta da su da maƙwabtanta na sama. Daga wajen 2020 rahotanni suka yawaita a kan haƙar zinariya a ƙasar Ijesa, kewayen Ilesa, inda ake wanke ƙasa a rassan kogin Osun. Kogin ya sauya launi ya koma ja kamar kunun kanwa, har a 2022 aka gargaɗi masu halartar bikin Osun-Osogbo da kada su sha ruwansa, abin da kakanninsu suka saba yi domin neman tabarraki. Lasisin haƙar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya yake. Filin da ake haƙar a Jihar Osun yake. Cikin masu shiga ramukan akwai 'yan ci-rani da yawa daga Arewa, wasunsu sun baro Zamfara bayan an hana haƙar zinariya a can a 2019. Ruwan wankin kuwa yana gangarowa ta Osogbo da Ede zuwa Asejire, inda hukumar ruwa ta Jihar Oyo za ta sayi alif da sauran magunguna ta tace shi, a matatar da aka faɗaɗa da rancen Bankin Raya Ƙasashen Afirka, kafin a turo shi kilomita 30 zuwa Mokola da Sabo.